Inda Duna Ya Nufa

Assalamu alaikum masu karatu. Wata daga cikinku ta tambaye ni ko da gaske ne kare ya taɓa shiga maganar aurena. Ya shiga. Zan ba ku yadda aka yi, abin da na gani da idona da wanda aka gaya min, ku yi hukuncinku.

Sunana Lauratu. A shekarar 1991 ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Rogo Sabon Gari, ranar Juma'a in koma gida Falgore in yi hutun ƙarshen mako. Iyayenmu sun rasu tun ina ƙarama, suka bar mu mu biyu, ni da yayana Hamma Jibo. Ƙanen mahaifinmu, Bappa Sulle, shi ya riƙe mu, yayarsu Goggo Hajo kuma ita ta raine ni a ɗakinta. Shanun da mahaifinmu ya bari suna cikin garken Bappa, ba a taɓa raba su ba, ba kuma a ta da maganar a gabansa.

Halliru na haɗu da shi a bikin wata ƙawata a Karaye. Ɗan Daura ne, Daurar Karaye, ba ta Katsina ba. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, kullum cikin shadda ruwan toka mai ɗinkin tazarce da hula zanna. Ranar farko ya ce min shi ɗan sanda ne a Kano, muƙamin sajan. Sai da ya yi ta zuwa zance muka saba sannan ya ƙarasa min: a sashen karnuka yake, shi ne ma mai koyar da sababbin da ake kawowa yadda za su yi aiki da kare.

Na tuna hannunsa na kalla. Farcensa a yanke, tas.

Lokacin babu wayar hannu. In zai zo, direban motar Karaye yake ba saƙo, shi kuma ya tsaya a bakin makarantarmu ya danna hon ya ce, "Malama, an ce Asabar." Shi ke nan saƙon. Ni kuma in fito da atamfata mai ruwan ganye daga ƙasan akwati in sa mata turaren wuta.

Goggo ta ji labarin aikinsa a bakin wata mai kawo mana manja, ba a bakina ba. Ina tankaɗe a tsakar gida ta zo ta tsaya a kaina.

"Lauratu, wai mutumin nan da karnuka yake wuni?"

"Aikin gwamnati ne, Goggo."

"Na tambaye ki wa yake biyansa? Yana taɓa su ko ba ya taɓa su?"

"Yana taɓawa."

Ta juya harshe zuwa Fillanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, ta yi ta faɗa ita kaɗai. Daga ranar kofin silbar da ake kai wa Halliru ruwa ya koma bayan randa shi kaɗai, kuma duk zuwan da ya yi sai ta wanke shi da ƙasa. Ban hana ta ba. Kofinta ne.

Hamma Jibo ne kaɗai ya tsaya mana. Yana da aure, gidansa na can gefe kusa da gonar rakensa, amma kullum da safe sai ya shigo gaida Goggo.

"Goggo, mu ma fa muna da karnuka a wajen shanu."

"Namu a daji suke kwana. Ka taɓa ganin Sulle yana yi wa kare wanka?"

"Mutumin kirki ne. Yana salla, ba ya shan komai. Me kuma ake nema?"

"A je a nemo wanda ba za a riƙa kiran 'ya'yansa 'ya'yan mai kare ba."

Bappa bai sa baki ba sai da ya yi nasa binciken. Ya hau keke ya je har Daura ya tambayi limamin unguwar su Halliru da maƙwabta, ya dawo bai gaya wa kowa abin da ya jiyo ba. Sai kawai ya ce in aika a gaya wa Halliru yana son ganinsa.

Ranar da ya zo na kai musu fura a zaure, na dawo bayan asabari na tsaya. Kada ku ce min rashin tarbiyya ne; maganata ake yi.

Bayan doguwar gaisuwa Bappa ya ce, "Malam Halliru, kowace sana'a tana da inda aka samo ta. Ni kiwo a hannun ubana na karɓa. Kai wannan aikin naka, wa ya koya maka?"

Halliru ya gyara zama. "Baba, farkonsa a gida ne. Kakana mafarauci ne, tun ina yaro nake bin sa da karnukansa. Da na gama sakandare na yi karatun malamin dabbobi, aka ɗauke ni aiki. Shekarar da cutar bushiya ta shigo ina cikin masu zagayawa yi wa shanu allura."

Bappa ya ɗago. A waccan shekarar ya yi asarar fiye da rabin garkensa, ba ya son a ambace ta.

"Ta wane gefe kuka yi?"

"Gefen Gwarzo, Baba. Ba mu iso nan ba."

"To. Ci gaba."

"Bayan abin ya lafa na gaji da ganin mushe. Aka ce 'yan sanda na neman waɗanda suka san dabba, na shiga. A can na tarar da malamai uku, kowa da hanyar da ya biyo. Ɗaya tsohon soja ne ɗan Binuwai, ya yi yaƙin basasa. Shi ya koya min ladabtar da kare, ya zauna in an ce zauna, ya saki in an ce saki. Ɗaya likitan dabbobi ne da ya yi karatu a waje, shi ya koya mana yadda hancin kare yake aiki, da abin da zafi da ƙishirwa ke yi masa. Na ukun mutumin Borno ne, da can mai bin sawun raƙuman da suka ɓata. A wajensa na koyi duba iska da ƙasa. Su ukun ba sa jituwa, kowa gani yake nasa ne aikin. Ni dai na bi kowannensu na ɗauki abin da zan iya."

"Yanzu kai ne malamin."

"Ina cikinsu. Waɗanda ake kawo mana ma haka suke. Akwai wanda ya baro kwastan, akwai ɗan makiyaya, akwai wanda bai taɓa riƙe ko akuya ba. Karen ba shi da wuyar koyarwa kamar mutumin."

"Kuma me karen yake yi wa gwamnati?"

"Wani yana neman ƙwaya a kayan matafiya. Nawa sawun mutum yake bi. In an nuna masa inda mutum ya tsaya, zai bi warin jikinsa har inda ya je, in rana ba ta ƙone sawun ba."

Bappa ya juya ludayi a cikin fura. Can ya ce, "Na ji. Ka gaida gida." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haka Bappa yake.

Aka shiga ƙarshen damina, dawa ta fi tsayin mutum. Wata Asabar da sassafe mai kiwon Bappa ya shigo ya ce bijimai biyu ba sa turkensu, an kwance igiyoyin, ba yankewa aka yi ba. Ɗaya daga ciki farin nan ne mai dogon ƙaho wanda Goggo ta daɗe tana cewa shi za a sayar a yi min kayan ɗaki.

Maza suka bi sawun kofato. Ya ratsa bayan gonaki ya ɓulle a bakin hanyar mota, inda suka ga kashin shanu da sawun tayar akori-kura. Daga nan babu sauran abin bi. Bappa ya wuce Rogo ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. A can aka gaya masa ai sashen karnuka na Kano suna atisaye a dajin Karaye a makon nan, in yana so a yi musu magana ta rediyo. Ya ce a yi.

Da hantsi motar ta iso. Yara da manya suka fito. Ni ina cikin gida, na taka turmi na leƙa ta saman katanga. Wannan ne karo na farko da na ga Halliru cikin kaki. Ya buɗe bayan motar, kare ya diro. Baƙi ne ƙato, kunnuwansa a tsaye, bai yi haushi ba, bai kalli kowa ba, ya zo gefen ƙafar Halliru ya zauna. Duna sunansa.

Goggo na ƙasa tana riƙe da zanina wai kada in faɗo. "Me kike gani?"

"Ya ɗaura masa ɗamara a ƙirji, ya sa doguwar igiya."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

Ta yi tsaki, amma ba ta saki zanin ba, ba ta kuma ce in sauko ba.

Suka tafi bakin hanya, jama'a na biye da su daga nesa, don Halliru ya roƙi kada a taka gaban karen. Abin da ya faru a can daga baya ya ba ni labari. Ya ce akwai sawun takalmin mutum ɗaya da bai hau motar ba, ya juya ya shiga cikin dawa. A kan wannan sawun ya ɗora Duna. Raɓa ba ta gama bushewa a ƙarƙashin karan ba, karen ya kama nan take.

Ni abin da na gani shi ne dawowarsu. Na zaci an fasa ne, don gari suka nufo. Amma hancin karen na ƙasa, igiyar a miƙe, Halliru na binsa da sauri. Bappa na baya kaɗan da sandarsa, Hamma Jibo na cikin mutanen da ke biye, hannunsa a aljihu.

Bayan gidanmu akwai tsamiya inda hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta shiga cikin gari. Ta dama siririya ce, ta bi gefen rake, kuma gida ɗaya ne a ƙarshenta. Duna ya iso gindin tsamiyar, ya karkata dama.

Halliru ya tsaya. Na ga ya naɗe igiyar a hannunsa, ya yi wa karen magana ƙasa-ƙasa. Karen ya waiwayo ya dube shi, ya sake jan gaba, Halliru ya sake yi masa magana, sannan karen ya zauna.

"Lafiya?" in ji Bappa.

"Baba, rana ta yi zafi. Sai ya sha ruwa ya huta. In an matsa masa yanzu zai iya kai mu inda ba nan ba."

Mutane suka yi ta guna-guni. Wani ya ce dama karen Turawa ba ya jure ranarmu. Wani ya yi dariya. Aka watse kaɗan-kaɗan. Bappa ya daɗe a tsaye yana kallon karen, sannan ya juya ya shige gida.

Na sauko daga kan turmin.

"Sun samu?" in ji Goggo.

"Karen ya gaji."

"Ka ji aikin banza," ta ce, ta koma kan tukunyarta.

Bayan azahar Halliru ya aiko yana sallama da ni. Ya canja kakin, ya sa farar riga, ya bar karen a inuwa wajen direbansu. Na fito da mayafi ruwan ƙasa, ban tsaya shafa hoda ba. Muka gaisa kamar kullum, na tambayi aiki, ya tambayi 'yan makaranta.

"Malama, kina kan katanga ɗazu."

"Ina kai."

"To kin gani."

"Na ga ka tsayar da shi."

Ya sunkuyar da kai. "Tun daga bakin hanya bai yi shakka ko sau ɗaya ba. Mutumin da ya tsaya aka loda shanun nan, ta gindin tsamiyar can ya wuce, ya bi dama."

"Hamma kullum yana wajen shanu. Warinsa na ko'ina."

"Da a turke na ɗora shi, da na faɗi haka ni ma. Ba a turke na ɗora shi ba."

Na zauna a kan dakali. Abin mamaki, ba faɗuwar gaba na ji ba. Tunanin farin bijimin nake yi, yadda yake bin Hamma in ya ji muryarsa. Shi ya sa ba a ji motsi ba, shi ya sa ba a yanke igiya ba.

"Me ya sa ba ka bar shi ya ƙarasa ba?"

"A gaban garin nan gaba ɗaya? Matarsa na ciki." Ya dubi inda karen yake. "Abin da nake hana ɗalibaina ke nan. Ban taɓa janye kare daga sawu ba sai yau."

"Yanzu sai me?"

"Ƙara tana ofis. Kafin mu koma Kano dole in gaya musu inda karen ya nufa, kuma ba zan faɗi wani wuri daban ba. In na faɗa, za su zo su tafi da shi. Amma in shi ya je ya sami Baba da kansa, Baba ya je ya janye ƙarar ya ce maganar gida ce, shi ke nan ta mutu. Gobe za mu tashi."

"Ni kake so in gaya masa."

"Ni baƙo ne a gidan nan, Malama."

Da la'asar na ce wa Goggo zan je karɓo rake. Na bi ta gindin tsamiyar na ɗauki hanyar dama. Na tarar da Hamma a ƙofar gidansa yana wasa fartanya a kan dutse. Ya ga fuskata, ya ci gaba da abin da yake yi.

"Hamma, sannu da aiki."

"Yawwa. Shi ya aiko ki?"

"Ni na zo."

Ya gwada kaifin da babban yatsansa. "Shanun wa aka sata, Lauratu? Na Bappa ne? Na ubanmu ne. Tun kafin in yi aure nake roƙonsa ya ware min nawa. Bana na ce masa injin ban-ruwa nake so, rani na zuwa, ya ce min Bafulatani ba ya sayar da sa don ya sayi ƙarfe. Ina da 'ya'ya, har yanzu in zan taɓa abin ubana sai na durƙusa."

"Farin nawa ne. Goggo ta faɗa kowa ya ji."

Nan ya ɗan dakata. "Shi ne mai saye ya nuna. Zan mayar miki da wanda ya fi shi."

"Ba wannan ya kawo ni ba. Ka je ka gaya wa Bappa yau. In ka faɗa da bakinka zai janye ƙarar. In ba ka faɗa ba, gobe a ofis za a ji."

"Halliru ne zai kai ni?"

"Zai faɗi inda karen ya nufa."

Ya ajiye fartanyar. "Duk gidan nan wa ya tsaya masa? Lokacin da Goggo ke wanke kofi da ƙasa, wa ya buɗe baki? Ki je ki tuna masa. Ya riga ya ce kare ya gaji, kowa ya ji. Ya bar ta a haka. In kuwa ya kai ni, ki sani babu sauran mai cewa a ba shi ke."

"Ba za ka je ba ke nan."

"Ki gaida Goggo."

Ya sara min rake biyu ya miƙo min, na karɓa, don kada a tambaye ni a gida.

A hanya na lissafa abin yadda yake. In Halliru ya faɗa, ya sa an kama ɗan gidan da yake neman aure; Goggo ba za ta ƙara jin sunansa ba, kuma a wannan karon tana da hujja. In ya yi shiru, ya zama mutumin da ake iya murɗawa, kuma ni aka murɗa shi da ita. Na duba raina in ga wanne na fi so, ban sami ko ɗaya ba.

Bayan sallar magariba Bappa ya aiko a kira ni turakarsa. Yana zaune kan buzu, carbi a hannu, fitilar ƙwai a gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"Shigo ki zauna."

Na zauna.

"Lauratu, tun ban kai tsayin ɗan maraƙi ba nake riƙe da igiyar dabba. Na san wadda ta gaji, na san wadda aka ja. Karen nan bai gaji ba."

Na kalli tabarma.

"Ya kira ki kun yi magana. Daga nan kin je karɓo rake, ke da ba kya shan rake. Ba zan tambaye shi ba, ba zan tambayi kowa ba. Ke na raina, ke nake tambaya. Ina karen ya nufa?"

Ina jin Goggo a tsakar gida tana kwashe tuwo, tana kiran a kawo kwanuka. Na yi tunanin in ce ban sani ba. Da ya karɓa, ya sallame ni, kuma da bai sake tambayata komai ba har abada.

"Gidan Hamma, Bappa."

Bai motsa ba. Carbin ne kawai ya tsaya a hannunsa.

"Ya amsa?"

"Ya ce na mahaifinmu ne."

"Na mahaifinku ne," in ji Bappa, a hankali, kamar da kansa yake magana.

Ya miƙe ya zura takalmansa, ya ɗauki tocila da sandarsa. "Kada Goggonki ta ji a bakinki. Gobe da safe zan je Rogo in janye ƙarar. Yanzu wajen yayanki za ni."

Na matsa na ba shi hanya. Har ya ɗaga labule sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Shi kuma Malam Halliru, ya rufa wa gidan nan asiri, na gani. Amma ya dubi idona a gaban mutane ya ce min rana ce. Ki aika masa kada ya koma Kano sai ya gan ni."